Mai Jan Igiya Daga Ciki

Na fasa gilashin bayan motar wani manomi a Uke, ranar da na je gyaran yoyonta ni kaɗai. Gilashin lafiyarsa ƙalau. Ni na cire shi da hannuna, ni na fasa shi. Abin da ya kai ni can ni kaɗai kuwa, taubashina ne.

Ɗan kawuna ne, na girme shi da shekara biyu. Mota ɗaya ta kawo mu Abuja, muna kwance a kan buhunan albasa. Mun yi dako, mun kwaɓa siminti, mun tura baron rake. Sau biyu ana rushe mana wurin kwana, muna tsince kwanon rufi muna sake kafawa. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ni na goya shi zuwa wurin mai magani. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba. Na faɗa ne don a san wanda ya riƙa ɗaukar wani.

Ni na fara koyon aikin gilashin mota, a wurin wani tsoho Bayarabe a Karu. Sai da na shekara uku ina wanke masa roba kafin ya bar ni na taɓa igiya. Da ya tashi komawa garinsu ya bar mini rumfar da kayan aikin. Na je na janye taubashina daga baron rake, na ce ya zo, aikin na mutum biyu ne.

Tsofaffin a-kori-kura ba da gam ake liƙa gilashin bayansu ba. Roba ce ta zagaye shi, kuma robar tana da leɓe wanda dole ya haye bakin ƙarfen motar ta ciki. Sai ka sa wa gilashin robarsa a ƙasa, ka cusa siririyar igiya a cikin ramin robar, ta zagayo, bakinta biyu su haɗu. Ka shafa ruwan sabulu. Mutum ɗaya ya tsaya a bayan mota, ya ɗora gilashin, ya danna da tafin hannu. Ɗayan ya shiga ciki, ya durƙusa a kan kujera, ya riƙa jan igiyar a hankali, tana fitowa tana ɗora leɓen robar a kan ƙarfe. In ka ja da ƙarfi roba ta yage. In ka yi sanyi ta kuɓuce. A kwanar gilashi ake gane mai hannu.

Ni ne na ciki. Shekara tara ina ciki. Ƙofofi a rufe, rana ta dafa rufin mota, gumi yana shiga idona, warin ƙafar mai mota yana tasowa daga ƙarƙashin kujera. Shi kuwa yana waje, iska tana kaɗa masa riga, hannunsa a kan gilashi, bakinsa a wurin mai mota. Ya iya hira. Ya tsinci Turancin kasuwa, ya tsinci gaisuwar mutanen ƙasar nan, kowa ya zo sai ya gaishe shi da yarensa. Mai mota ba ya ganin igiya. Abin da yake gani shi ne mutum ya dafa gilashi, ya ɗan bubbuga, gilashi ya zauna daram. Sai ya ce oga ya iya aiki. Ni kuma in buɗe ƙofa in fito ina naɗe igiya, kamar wanda aka aika ya share cikin motar.

Akwai kuma wasan taubasai. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara yake ce mini bawansa. A garinmu kowa ya san wasa ne, nakan rama, a yi dariya a tashi. A Karu ba wanda ya san wannan. In ya ce, "Bawana, miƙo sabulu," sai baƙi su ɗauka haka abin yake. Ban taɓa ce masa ya daina ba. Wanda ya hana taubashinsa wasa shi ya faɗi.

Manomin nan dattijo ne, mai noman doya da gyaɗa a bayan Uke. A-kori-kurarsa fara ce a da. Ya sa an ɗaura mata kejin ƙarfe tun daga baya har kan rufi, saboda lodin doya. Ya daɗe yana zuwa wurinmu. Ni na sa masa gilashin gaba, ni na gyara masa na ƙofa da ya daina hawa. Duk lokacin sabuwar doya sai ya tsaya a bakin rumfarmu, ya ɗauko guda uku manya, ya miƙa wa taubashina, ya ce ya ba yaronsa ɗaya. Ni ne yaron. Ina da furfura a gemu a lokacin. Nakan karɓi doyar, matata ta dafa, in ci. Ba ta taɓa yi mini daɗi ba.

Farkon wata damina ya zo da ƙorafi. Ya ce motar tana shan ruwa ta baya. Ya tura kujera gaba ya nuna mana. Ya ajiye rabin buhun irin gyaɗa a bayan kujerar, ya manta da shi kwanaki, ga shi ya tsiro, fararen saiwoyi sun huda buhun. Ƙasan wurin jagab, yana warin ruɓa.

Na duba robar. Ta tsufa, ta tsattsage a kwanar sama. Na ce roba ce, a cire gilashi a sa sabuwa.

Taubashina bai dubi robar ba. Ya taka taya ya hau, ya bi rufin motar da yatsa har inda ƙafar kejin ta zauna, ya kankare ƙasa a gindin noti, ya duba yatsansa. Ya ce shi a ganinsa ta nan ruwan yake shiga, ya bi ta cikin rufi, ya gangaro ta bayan robar, sai a ɗauka ita ce. Ya ce kada a cire komai sai an gwada da buta: a zuba ruwa daga ƙasa ana hawa sama, mutum yana ciki yana kallo.

Na sake cewa roba ce. Dattijon bai juyo ba. Sai ya tambayi taubashina wanne za a yi.

"Baba, rabu da bawana," in ji shi. "Shi ko a mafarki roba yake gani."

Suka yi dariya su biyu. Dattijon ya ce yana sauri, akwai masu jiransa a kasuwa, mu same shi a gida ranar Asabar, motar tana hutawa daga Juma'a. Ya ba taubashina hannu. Ni ya ɗaga mini kai.

Ranar Juma'ar taubashina yana da suna a gidan surukansa, ya ce ba zai fito ba. Na ce ya gaishe su. Da safe na ɗauki igiya, da sabuwar roba, da gam, da sukundireba, na zuba a buhu, na hau motar Uke. Ba wani abu nake so ba. So nake dattijon nan ya tsaya a bayan motarsa, ya ga igiya tana tafiya a hannuna, ya san wanda yake sa gilashi. In taubashina ya zo ranar Asabar ya tarar an gama.

Daga bakin titi ɗan acaɓa ya kai ni. Gidan yana gefen gona, motar tana ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Matar dattijon tana shanya rogo a kan dutse. Dattijon ya fito da fartanya a kafaɗa, ya gaishe ni, ya leƙa bayana.

"Ina oganka?"

"Ba ni da oga, Baba. Ni na koya masa aikin."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son musu da baƙo. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tambaya ko ba za mu fara gwadawa da buta ba, kamar yadda aka ce. Na ce ba sai an gwada ba.

Cire gilashi ba wuya. Na yanke tsohuwar robar da wuƙa, na tura da ƙafa daga ciki, ya fita salin-alin, na kwantar da shi a kan buhu. Sannan na duba bakin ƙarfen da robar ta zauna a kai. In roba ce take yoyo, za ka ga tsatsa a ƙasa, inda ruwa yake kwana. Babu. Ƙarfen a bushe yake, fentinsa yana nan kamar jiya aka shafa. Na ɗaga kai. Daga cikin rufi, daidai ƙarƙashin ƙafar kejin, ga jan layin tsatsa ya gangaro, siriri, har bayan kujera.

Na daɗe ina kallon layin nan. Ba wanda ya gani sai ni. Dattijon ya je ɗaure akuya. Na fita na hau taya, na kwance notin, na goge ramin, na cika shi da gam, na mayar na ɗaure. Na shafa ƙasa a kai don kada ya yi ƙyalli. Na ce a raina, in na mayar da gilashi da sabuwar roba, yoyo ya tsaya, kowa zai ce roba ce. Har taubashina.

Saura mai dannawa. Na sa wa gilashin roba, na cusa igiya, na shafa sabulu, na kira dattijon. Na ce ya riƙe nan, ya danna in na ja. Ya ce to. Na shiga ciki na rufe ƙofa.

Da na fara ja sai na ji abin ba daidai ba. Shekara tara hannun da ke waje yana bin igiyata, ban taɓa ce masa komai ba. In na tsaya ya tsaya. In na kusa kwana sai in ji nauyinsa ya riga ni isa da kamar faɗin yatsa biyu, ba ƙari. Yana hira da mai mota, yana dariya, amma tafin hannunsa yana inda nake. Na ɗauka haka hannun kowa yake. Dattijon ya kafa hannu biyu a tsakiyar gilashi, ya tura da ƙarfin mai yin kunyar doya. Na ce ya sassauta, ya saki gaba ɗaya, gilashin ya zame. Muka sake. Na ce ya bi ni, ya ce ina zai bi ni, shi ba ya ganin komai sai sabulu. Ban san yadda zan faɗa masa ba. Ban taɓa tsayawa a waje ba.

Sau uku muna sakewa. A na huɗu ƙasa ta shiga, gefe ɗaya ya shiga, muka zo kwanar sama ta hagu. Nan leɓen robar ya naɗe, igiya ta zare ta fito hannuna, ta bar kwanar a waje. Abin da ake yi shi ne a cire a sake daga farko. Na san haka. Amma hadari ya fara haɗowa ta gabas, matar ta fara kwashe rogonta, kuma na ji dattijon yana ce mata da Hausa, don in ji, da an jira oga gobe.

Na ɗauki sukundireba. Tsohon da ya koya mini aiki ya taɓa marina a kan wannan. Ƙarfe ba ya taɓa bakin gilashin baya. Kana iya dukan tsakiyarsa da hannu ya jure, amma gefensa ba ya son ko ƙwarzane. Na zura bakin sukundireban a ƙarƙashin robar, na ɗan ɓanɓara.

Ƙarar ba ta da yawa. Gilashin ya yi fari gaba ɗaya, ya tsaya haka kamar na numfashi ɗaya, sannan ya zube. Ya cika mini cinya, ya cika bayan kujera, ƙanana kamar gishirin kanwa. Ta cikin ramin na ga fuskar dattijon, hannayensa biyu har yanzu a miƙe.

Bai yi faɗa ba. Ya duba tafin hannunsa, ya cire wani ɗan guntu, ya yar. Ya ce ranar Litinin yana da lodi. Sannan ya ciro waya daga aljihu ya kira taubashina. Lambarsa ce kawai yake da ita. Na tsaya ina jin rabin maganar. Ya ce yaronsa ya zo, gilas ya mutu.

Ruwa ya sauko. Muka ɗaure ledar taki a ramin. Na zauna a zaure, aka kawo mini tuwo, na ce na ƙoshi.

Bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, sai ga acaɓa. Taubashina ne a baya, da babbar rigar sunan a jikinsa, ta jiƙe ta manne, ya rungume gilashi a cinya, naɗe da bargo. Ya bar taron, ya bi ta wurin masu tsofaffin kayan mota, ya samo irinsa. Ya sauka ya gaida dattijon da yarensu, ya gaida matar. Ya tsuguna ya ɗebi gutsattsarin a tafin hannu, ya jujjuya kamar mai duba hatsi. Ya ce wannan gilashin dama ya gaji, rana ta cinye shi, ko a hannun wa yake yau zai tafi. Ƙarya ce, ya san ƙarya ce. Sukundireban yana kan kujera, ya gan shi, ya ɗauke ya jefa a buhuna.

Na so ya zage ni a gabansu. Da na samu abin riƙewa.

Ya tuɓe babbar rigar ya rataye a reshen mangwaro. Na sa roba, na cusa igiya, na shiga ciki. Ya ɗora gilashin. Na ja. Hannunsa yana nan, faɗin yatsa biyu a gabana, kamar kullum. Kusurwa huɗun suka shige ba gardama. Tun matar ba ta gama wanke tukunya ɗaya ba muka gama. Yana dannawa yana ba dattijon labarin ragon sunan da ya tsinke ya shiga masallaci.

Sannan ya ce bari a duba asalin yoyon. Ya taka taya ya hau, ya kai yatsa gindin notin. Ruwan sama ya wanke ƙasar da na shafa. Gam ɗin yana nan baƙi, sabo, bai gama bushewa ba. Ya dube shi, ya dube ni. Ina tsaye a ƙasa da igiya a hannu.

"Ashe ka gani," ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

Ya sauko ya ce wa dattijon an riga an toshe, yayansa ya gano wurin tun da safe. Kalmar da ya faɗa ke nan, yayansa. Ya karɓi buta ya zuba ruwa daga ƙasa har kan rufi, dattijon da kansa ya shiga ya zauna yana kallo. Ko ɗigo.

Dattijon ya fito yana murna. Ya riƙe hannun taubashina da hannu biyu, ya ce mutum irinsa, da zai bar biki ya shiga ruwa saboda motar tsoho, kuma ya rufa wa na ƙasa da shi asiri, Allah ya ƙara masa girma. Ya sa matar ta kamo zakara. Taubashina ya ce hannunsa da sabulu, in karɓa. Ni na riƙo zakaran a acaɓa, ni na riƙe shi a mota har Karu, yana yi mini kashi a wando. Da muka sauka na miƙa masa, ya ce in kai wa yara. Na ce nasa ne. Na ajiye masa a ƙasa na tafi.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa wa makanikan da ke gefenmu ba. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina ce mini bawansa. Sai yaya. "Yaya, miƙo sabulu." In mai mota ya yaba masa, sai ya nuna ni ya ce ga mai aikin nan a ciki. Mai motar ya leƙo, ya ɗaga mini hannu, ya koma ga hirarsa. Da, ina cewa ba a ganina ne saboda ya tare ni. Yanzu ya matsa gefe da kansa, yana nuna ni da yatsa, kuma shi ɗin dai ake kallo. Ga shi ya fi ni ido, na gani a rufin motar nan. Ga shi ya fi ni hali, an faɗa a gabana. Kowace safiya sai in zo in tarar da shi ya share rumfa, yana yi mini sannu da zuwa da ladabi, in ji kamar in koma gida.

Na jure har ƙarshen damina. Da sabuwar doya ta fito dattijon ya tsaya kamar yadda ya saba. Wannan karon guda huɗu ya ɗauko, ya ba taubashina biyu, ya ba ni biyu a hannuna. Na san wanda ya ce masa ya yi haka. A makon na kwashe kayana. Na bar wa taubashina rumfar, na ɗauki igiyata da wuƙata. Ya biyo ni har bakin titi yana tambayar abin da ya yi mini. Na ce bai yi komai ba. Gaskiya na faɗa masa.

Na ji ya samu wani yana ja masa igiya, kuma rumfar ta zama shago. Yakan kira ni da salla, in ɗauka, mu gaisa, in tambayi yara.

Yanzu ina Abaji, a bakin hanyar Lokoja, da tebur ɗaya a ƙarƙashin laima. Ina yanka madubin gefe, ina gyara gilashin ƙofa, aikin da mutum ɗaya yake yi. In an kawo gilashin baya mai roba nakan ce ba na yi. Igiyar tana cikin akwatina.